Yadda Ake Mayar da Lasisin Manhajar Ofis Bayan An Goge Kwamfuta

GABATARWA

A yau da wuya a shiga ofishi, na gwamnati ne ko na 'yan kasuwa, ba a tarar kwamfuta ta gaji tafireta ba. Da ita ake buga wasiƙu, da ita ake shirya takardar albashi, da ita kuma malamai ke tsara sakamakon jarrabawa. Amma kwamfuta na'ura ce, takan sami matsala. Wani lokaci ta yi nauyi, wani lokaci cuta ta shige ta, wani lokaci kuwa ma'ajiyarta ce za ta lalace. A nan ne mai gyara yakan ce babu makawa sai an goge ta an sake ɗora mata babbar manhajarta, watau Windows.

A ɗauki misalin akawun albashi wanda kwamfutarsa ta tsaya ana saura kwana biyar wata ya ƙare. Aka kai ta gyara, ta dawo tana gudu kamar sabuwa. Ya buɗe Excel domin ya ƙarasa lissafi, sai ga jan rubutu a sama yana cewa manhajar ba ta da lasisi. Yana ganin sunayen ma'aikata, amma ba shi da ikon gyara ko lamba ɗaya. Aka nemi rasit ba a gani ba. Wanda ya sayo kwamfutar kuwa an daɗe da yi masa canjin wurin aiki. Kuɗin da aka biya na lasisi yana neman salwanta, albashin mutane kuma yana neman makara.

Wannan darasi zai bayyana abin da ake nufi da lasisi, da dalilin ɓacewarsa idan an goge kwamfuta, da matakan da za a bi domin a mayar da shi ta halaltacciyar hanya ba tare da an sake biyan kuɗi ba.

1. MENE NE LASISI?

Manhajar ofis ita ce tarin manhajojin da ake aikin takarda da su. Wadda ta fi yaɗuwa a ƙasar nan ita ce Microsoft Office, ta kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka, wanda Bill Gates da Paul Allen suka kafa a 1975. A cikinta akwai Word na rubutu, da Excel na lissafi, da PowerPoint na gabatar da bayani a taro, da Outlook na wasiƙun imel.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, wanda ya biya kuɗin Office bai mallaki manhajar ba kamar yadda mutum ke mallakar keke ko akwati. Izini ya saya na yin aiki da ita bisa wasu sharuɗɗa, kamar yawan kwamfutocin da za a ɗora wa, da irin aikin da aka yarda a yi, da tsawon lokaci. Wannan izini shi ne lasisi. Faifai ko filash ɗin da manhajar ke ciki mazubi ne kawai. Ana iya samun wani idan ya ɓata. Shaidar izinin ita ce abin adanawa.

Dokar ƙasa ta san da wannan. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta sa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa, daidai da littattafai. Ita ce ta maye gurbin tsohuwar dokar da ta samo asali daga 1988. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ce ke lura da aiwatar da ita. Kwafar manhaja domin sayarwa ko rarrabawa ba da izinin mai ita ba laifi ne da kan jawo tara, ko ɗauri, ko duka biyun.

2. ME KE FARUWA IDAN AN GOGE KWAMFUTA?

Tun daga 2001, sa'ad da Office XP da Windows XP suka fito, ya zama ƙa'ida cewa sai an tabbatar da lasisi kafin manhaja ta ci gaba da aiki sosai. Ga yadda abin yake. Manhajar takan duba sassan kwamfutar ta fitar da wata lamba da ke bambanta ta da sauran kwamfutoci. Sai ta haɗa wannan lamba da shaidar lasisin ta aika wa kamfanin ta intanet. Idan kamfanin ya ga lasisin halal ne, kuma ba a wuce iyakarsa ba, sai ya maido da amsar yarda. Wannan amsa a cikin Windows ake ajiye ta.

Saboda haka duk ranar da aka goge Windows, manhajar Office da amsar yardar duk sun tafi tare. Amma izinin kansa bai mutu ba, domin yana rubuce a wurin kamfanin. Aikin da ya rage shi ne mai shi ya sake nuna cewa shi ne mai shi.

Akwai kuskure iri biyu da akan yi a nan. Na farko, wasu sukan kwashe jakar da Office ke zaune a cikin tsohuwar kwamfuta su zuba a sabuwa. Wannan ba ya aiki, domin lokacin girka manhaja akan rubuta abubuwa da yawa a wurare dabam dabam na Windows, waɗanda kwafar jaka ɗaya ba ta ɗauko su. Na biyu, wasu sukan ɗauka lasisin Windows da na Office abu ɗaya ne. Ba haka ba ne. Tun daga Windows 10, wadda ta fito a 2015, kwamfutar da aka taɓa tabbatar da lasisinta takan tabbatar da kanta da zarar ta hau intanet, muddin irin Windows ɗin da take da ita a da aka mayar mata, kuma ba a sauya babban allon da ke cikinta ba. Wannan bai shafi Office ba. Ita sai an bi ta kanta dabam.

3. IRE-IREN LASISI

Lasisin Office iri huɗu ne, kowane da hanyar mayar da shi. Wanda bai san irin nasa ba zai sha wahalar banza.

Na ɗaya, lasisin da ya zo tare da kwamfuta. Wannan shi ne wanda masu ƙera kwamfutar suka haɗa da ita tun daga masana'anta. Yana ɗaure da wannan kwamfuta. Ana iya mayar da shi a kanta ko sau nawa aka goge ta, amma ba a ɗauke shi a kai wata. Sai dai a lura, yawancin sababbin kwamfutoci Office na gwaji ne a kansu, wanda ke aiki na ɗan lokaci sa'an nan ya nemi kuɗi. Ganin Word a sabuwar kwamfuta ba shaida ba ce ta cewa an biya.

Na biyu, lasisin saye sau ɗaya. Irinsa ne Office 2016, da 2019, da 2021, da 2024 waɗanda ake saya a kanti ko a shafin kamfanin. Yakan zo da mabuɗi mai haruffa da lambobi 25, an kasa su gida biyar, kowane gida biyar biyar. Na kwamfuta ɗaya ne. Tun daga Office 2013, akan shigar da mabuɗin sau ɗaya ne a ɗaure shi da asusun Microsoft na mai saye, watau adireshin imel da kalmar sirri. Daga ranar nan asusun ne shaida. A watan Maris na 2013 kamfanin ya sassauta sharaɗinsa, ya yarda a ɗauke irin wannan lasisi daga kwamfuta zuwa wata, amma sau ɗaya cikin kwana 90, sai fa idan ta farkon ce ta lalace. Wajibi ne kuma a cire manhajar daga tsohuwar. Mayar da shi a kan kwamfutar da yake tun farko ba ya cikin wannan ƙidaya.

Na uku, lasisin haya, wanda ake kira Microsoft 365. Kafin watan Afrilu na 2020 sunan na gida Office 365. Ana biyansa wata wata ko shekara shekara. Mutum yake bi, ba kwamfuta ba, kuma babu mabuɗin da za a nema wajen mayar da shi. Na mutum ɗaya yana aiki a na'urori biyar lokaci guda. Na iyali yana ɗaukar mutum shida, kowa da asusunsa. Na ma'aikatu kuwa jami'in da ke kula da kwamfutoci ne ke ba kowane ma'aikaci nasa. Lalle ne kwamfutar ta riƙa hawa intanet aƙalla sau ɗaya a wata domin a tabbatar hayar ba ta ƙare ba.

Na huɗu, lasisin sari, wanda manyan ma'aikatu da jami'o'i da bankuna ke saye da yawa a yarjejeniya ɗaya. Hanyoyinsa da aka fi sani biyu ne. A ta farko, wadda ake kira MAK, mabuɗi ɗaya ne ke da ƙayyadadden adadin tabbatarwa, kuma kowace gogewa tana iya cin ɗaya daga cikin adadin. A ta biyu, wadda ake kira KMS, ma'aikatar ce ke da babbar kwamfuta mai tabbatar da sauran. Yardar da take bayarwa ta kwana 180 ce, kwamfutocin kuma sukan nemi sabuntawa kowane kwana bakwai. Kwamfutar da aka kai ƙauye ta wuce wata shida ba ta sadu da layin ma'aikata ba za ta fara kukan lasisi, ko da ba a goge ta ba. Irin wannan lasisi na ma'aikata ne. Ba ya bin ma'aikaci gida idan ya yi ritaya.

4. ABIN DA ZA A YI KAFIN A GOGE

Rigakafi ya fi magani. Yawancin aikin ceto lasisi kafin gogewa ake yinsa, tun kwamfutar tana tashi.

(a) A gano irin lasisin. A buɗe Word, a latsa File, sa'an nan Account. A nan za a ga cikakken sunan Office ɗin da ke kai, da adireshin imel ɗin da aka shiga da shi. A rubuta su a takarda harafi da harafi, domin Home and Business dabam yake da Professional Plus, kuma mabuɗin wannan ba ya buɗe wancan.

(b) A gwada asusun. A shiga shafin account.microsoft.com daga wata na'ura dabam, a duba jerin abubuwan da aka saya. Idan sunan Office ɗin yana nan, hankali ya kwanta. Idan ba ya nan, to da wani asusu aka ɗaure shi, sai a nemo shi tun da wuri. A kuma tabbata lambar waya ko imel na biyu da aka ba asusun suna hannu, domin ta nan ake aiko da lambar tantancewa. Wanda ya yar da tsohon layinsa bai sauya shi a asusun ba yana iya rasa hanyar shiga.

(c) A nemo takardu. Rasit, da katin mabuɗi, da kwalin faifai, da wasiƙar imel ta saye, duk shaidu ne. Ga tsohuwar Office 2010, wadda ba a ɗaure ta da asusu, katin mabuɗin shi ne kome. Akwai umarnin da masu gyara ke bugawa, mai suna ospp.vbs, wanda ke nuna halin lasisi, amma haruffa biyar na ƙarshen mabuɗi kaɗai yake nunawa. Amfaninsa shi ne a gane wane kati ne na wace kwamfuta a ofishin da ke da katuna da yawa. Ba ya maido da mabuɗin da ya ɓata.

(d) A kwashe fayiloli. Lasisi ba ya maido da takardun da aka goge. A kwafe su a ma'ajiya ta waje, a buɗe kaɗan daga ciki a wata kwamfuta domin a tabbata sun kwafu. Akwai abubuwan da aka saba mantawa. Wasiƙun Outlook na wasu asusai a cikin kwamfutar suke zaune, a fayil mai ƙarewa da .pst, kuma idan ya tafi wasiƙun shekaru sun tafi. Haka nan samfurin takardar ofis mai tambari, da sa hannun ƙasan wasiƙa, da ƙananan umarnin lissafi da akawu ya tsara wa kansa a Excel, da kalmomin da aka koya wa ƙamus na Word, da salon haruffan da aka ƙara.

(e) A adana mabuɗin BitLocker. Kwamfutoci da yawa na yanzu ma'ajiyarsu a kulle take da wannan tsari. Mabuɗin cetonsa lambobi 48 ne, kuma sau da yawa yana cikin asusun Microsoft ko a hannun jami'in kwamfuta. Idan babu shi, ba a iya karanta ma'ajiyar a wata kwamfuta.

(f) A yi magana da mai gyara a fili. A gaya masa Windows kaɗai ake so ya ɗora, kada ya sa wata Office tasa. Akwai kuma zaɓin da Windows ke bayarwa na sabunta kanta tare da barin fayilolin mutum. Wannan zaɓi yakan bar takardu, amma yana cire manhajojin da mutum ya girka, har da Office.

5. ABIN DA ZA A YI BAYAN AN ƊORA WINDOWS

Da farko a daidaita kwanan wata da agogon kwamfutar, domin idan sun kauce tabbatarwa takan ƙi. Sa'an nan a haɗa ta da intanet, a bar Windows ta ɗauko gyare-gyarenta, a duba an tabbatar da lasisinta.

Na biyu, a duba ko akwai wata Office da ta zo da kanta ko mai gyara ya sa. Idan akwai, kuma ba ita ce aka biya ba, a cire ta a sake tayar da kwamfutar. Zaman iri biyu wuri ɗaya yana cikin manyan dalilan da ke sa manhaja ta yi ta neman lasisi alhali an biya.

Na uku, a ɗauko manhajar daga tushe. Mai lasisin saye sau ɗaya da mai lasisin haya na gida su shiga account.microsoft.com da asusun da suka rubuta, su nemo sunan Office ɗinsu, su latsa wurin girkawa. Ma'aikacin da ofishinsa ya ba shi Microsoft 365 ya shiga da adireshin imel na aiki. Mai lasisin sari kuwa kada ya taɓa kome, ya miƙa kwamfutar ga sashen kwamfuta na ma'aikatarsa, domin su ke da manhajar da ta dace da yarjejeniyarsu.

Manhajar tana da girma, takan ci data mai yawa. Ya kyautu a fara aikin inda layi ke da ƙarfi, batir kuma a cike, ko janareta na aiki, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar girkawa tana iya sa a koma farko. Ofishin da ke da kwamfutoci da yawa masu Office iri ɗaya yana iya ɗauko cikakken fayil ɗin girkawa sau ɗaya ya ajiye a filash. Yin haka ba laifi ba ne, muddin kowace kwamfuta tana da nata lasisin.

Na huɗu, a buɗe Word. Za ta nemi a shiga asusu. A shiga da wanda aka ɗaure lasisin da shi, a karɓi sharuɗɗa. Daga nan a koma File da Account a karanta abin da ke rubuce. Idan an ga sunan Office ɗin ba tare da gargaɗi ba, aiki ya yi.

Na biyar, idan wata kwamfuta dabam aka koma, a gama da tsohuwar. Mai lasisin saye sau ɗaya ya cire Office daga cikinta. Mai lasisin haya ya fitar da ita daga jerin na'urorinsa a shafin asusu, abin da ake iya yi ko da an sace ta ko ta ƙone.

Daga ƙarshe a mayar da fayiloli. Masu rubutu da Hausa su tuna su sake ƙara allon rubutun Hausa a saitin harshe na Windows, domin da shi ake samun haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ.

6. IDAN TABBATARWA TA ƘI

Idan manhajar ta ce ba ta da lasisi, kada a yi gaggawar sayen wani. A wannan hali takan bari a buɗe takarda a karanta, a kuma buga ta a firinta, gyara da sabon rubutu ne take hanawa. Takardun ba su lalace ba. A bi waɗannan tambayoyi ɗaya bayan ɗaya.

Shin da asusun da ya dace aka shiga? Mutane da yawa suna da imel biyu ko uku, sun manta da wanne suka yi saye. Shin irin Office ɗin da aka biya ce aka girka? Shin kuɗin haya bai ƙare ba, ko katin banki bai ƙi biya ba? Shin agogon kwamfutar daidai yake? Idan kullum agogon yana komawa baya, ƙaramin batirin da ke cikin kwamfutar ne ya mutu, sai a sauya shi.

Idan saƙon ya ce an kai iyakar tabbatarwa, ko an sauya babban allon kwamfutar, sai a nemi sashen taimako na kamfanin ta shafinsa, da rasit a hannu. A yi hattara da lambobin waya da ke faɗowa a fuskar kwamfuta da sunan masu taimako. Kamfanin ba ya kiran mutum haka kawai ya nemi kalmar sirrinsa ko lambar katinsa.

7. TSOFAFFIN MANHAJOJI DA NA JABU

Lasisin saye sau ɗaya ba ya ƙarewa, amma kulawar kamfani tana ƙarewa. An daina yi wa Office 2010 gyaran tsaro ran 13 ga Oktoba, 2020, Office 2013 kuma ran 11 ga Afrilu, 2023. Office 2016 da 2019 sun bi sahu ran 14 ga Oktoba, 2025, ranar da kulawar yau da kullum ta Windows 10 ita ma ta ƙare. Ranar da aka tsayar wa Office 2021 ita ce 13 ga Oktoba, 2026. Office 2024, wadda ta fito a watan Oktoba na 2024, an ɗibar mata shekara biyar. Tsohuwar manhaja za ta ci gaba da buɗewa, amma duk ɓarakar da aka gano a cikinta bayan ranar ba mai toshe ta.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Mayu na 2017 wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle fayilolin kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Ingila, ta nemi kuɗin fansa. Alhali kuwa tun watan Maris na shekarar aka fitar da gyaran da ke toshe ƙofar da ta bi. Waɗanda ba su ɗora gyaran ba su ta fi yi wa ɓarna.

Haɗarin manhajar jabu ya fi wannan. Ƙananan manhajojin da ake sa wa kwamfuta domin su yaudari Office ta ɗauka an biya, yawanci sai an kashe mai gadin kwamfutar kafin su shiga, kuma an sha samun masu satar kalmar sirri a ɓoye cikinsu. Haka nan mabuɗan da ake tallarsu da arha ƙwarai a intanet. Da yawansu na lasisin sari ne da aka fitar ba bisa ƙa'ida ba, sukan yi aiki na ɗan lokaci sa'an nan a toshe su. Alama ɗaya ita ce sunan Professional Plus, domin wannan iri ba a sayar da shi ɗai ɗai a kanti. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ofishin da ke riƙe da sunayen mutane da lambobin asusunsu na banki yana da ƙarin nauyi. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na shekarar, ta wajabta wa mai riƙe da irin waɗannan bayanai ya tsare su.

Wanda ba shi da halin saye yana da mafita ta halal. LibreOffice, wadda gidauniyar The Document Foundation ta fara a 2010, kyauta ce ga kowa, ba ta neman mabuɗi, kuma tana buɗe takardun Word da Excel, ko da yake tsarin wasu takardu yakan ɗan sauya. Haka kuma mai asusun Microsoft yana iya aiki da Word da Excel kyauta a shafin intanet, sai dai ba su kai na cikin kwamfuta yawan kayan aiki ba.

8. NAUYIN DA KE KAN SHUGABANNIN OFISOSHI

Lasisin da aka saya da kuɗin hukuma dukiyar jama'a ce, daidai da mota ko kujera, kuma ya cancanci a shigar da shi rajista. A kowane layi a rubuta lambar kwamfutar, da sunan Office ɗin da ke kanta, da irin lasisin, da asusun da aka ɗaure shi da shi, da ranar saye, da ranar ƙarewar haya, da lambar fayil ɗin da rasit ke ciki. Kalmar sirri ba a rubuta ta a rajista. A sa ta a ambulan a rufe a ajiye wurin shugaban sashe.

Kada a yarda a ɗaure lasisin ofis da imel na kashin kan wani ma'aikaci, ko na ɗan kwangila, ko na mai gyara. Da zarar an ɗaure shi da asusu, raba su yana da wuya ƙwarai, kuma ranar da mutumin ya tafi lasisin ya bi shi. A yi amfani da adireshin ofis wanda ba ya sauyawa da sauyin ma'aikata. Ɗan kwangilar da ya kawo kwamfutoci ya miƙa shaidar lasisin kowace ɗaya kafin a sa hannu a kan bauca. Ma'aikacin da aka yi wa canji kuma ya ambaci lasisin da ke hannunsa a takardar miƙa aiki. A lura da cewa irin Office ɗin da aka yi domin gida da ɗalibai ba a yarda a yi kasuwanci da ita ba, saboda haka masu shagunan buga takardu su nemi wadda ta dace da sana'arsu.

Da ofishin akawun nan yana da irin wannan rajista, da aikin sa'a ɗaya ne zai mayar masa da Excel, albashi kuma ya fita a kan kari.

TAMBAYOYI DOMIN BITA

1. Mene ne bambancin mallakar faifan manhaja da mallakar lasisinta?
2. Me ya sa Office ke neman lasisi bayan an goge kwamfuta, ko da an riga an biya?
3. A kawo ire-iren lasisi huɗu, a faɗi wanda ba a ɗauke shi daga kwamfuta zuwa wata.
4. Waɗanne abubuwa shida za a yi kafin a miƙa kwamfuta ga mai gyara?
5. Wace illa ke cikin ɗaure lasisin ofis da imel na kashin kan ma'aikaci?